Sista Hannatu da 'Yan Dubiyar Injiniya

Safar jariri ce, ƙafa ɗaya, ruwan ɗorawa, ta maƙale a ƙarƙashin doguwar kujerar falon ƙasa. Gregory, abokin aikin Hannatu Bot, ya yi kwana biyar yana zuwa gidan nan na Mitchellville, a jihar Maryland ta Amurka, kowace safiya bai gan ta ba, ko kuma ya gani bai ɗauke ta a bakin komai ba. A fayil ya rubuta cewa majinyaci mutum ne mai ilimi, mai haɗin kai, yana zaune a gida shi da matarsa kawai. Hannatu ta karɓi majinyacin daga hannunsa wata ranar Litinin a watan Fabrairun 2009, kuma tun kafin ta ajiye jakarta idonta ya faɗa kan safar. Ta ɗaga kai, sai ga dardumai shida a ninke a hannun kujera.

Mutum biyu ne a gidan: Injiniya Muntaka, mai shekara hamsin da takwas, da matarsa Hajiya Saudatu. 'Ya'yansu sun girma sun watse jihohi, kuma babu jika ko ɗaya.

Aikin Hannatu a sashen lafiya na gunduma ba shi da wuyar faɗa. Duk likitan da ya gano tarin fuka a jikin mutum, doka ta ɗora masa ya sanar da hukuma ba tare da jinkiri ba, haka ma ɗakin gwaji. Daga nan a buɗe fayil, a turo irin su Hannatu. Za ta riƙa kai wa majinyaci magani har gida, ta tsaya a kansa ya haɗiye tana kallo, wata shida ko fiye. A makonnin farko, kafin kakinsa ya fito lafiya sau uku a jere, ba ya fita, ba a shigo masa. Sannan a rubuta sunan duk wanda ya zauna ɗaki ɗaya da shi, a nemo shi a gwada.

"Injiniya, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" ta ce ta cikin takunkuminta.

Ya gyara zama, fuskarsa ta washe. "Af! Ashe tamu suka turo. Sista, daga ina?"

"Daga Bukuru."

"Mutanen dankali! To madalla, mun huta da Turancin wancan yaron."

Ta zazzage masa ƙwayoyi a tafin hannu. Ya watsa su baki, ya kora da ruwa daga wani kofi da aka ɗaura wa jan zare a mariƙi.

"Buɗe baki."

"Haba, Sista. Ni fa ba yaro ba ne."

"Ɗaga harshe. Yauwa. Injiniya, su wa ke zuwa gidan nan?"

"Babu kowa."

"Darduma shida fa?"

"Hajiya ce, akwai ta da tara kaya."

Hannatu ta nuna ƙarƙashin kujera da bironta. Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce ƙila daga wanki ta faɗo. Ba ta tambaye shi wankin wa ba.

Hannatu 'yar mai haƙar kuza ce. Ta yi shekara goma sha huɗu a ɗakin masu tari na wani asibitin mishan a Filato, inda ta koyi cewa mutum yakan sha magani wata ɗaya, da ya ji ƙarfi damina ta faɗi, sai a wayi gari gadonsa wayam, ya tafi gona. Bayan rani ya dawo a kan amalanke. Cacar biza ce ta kawo ta Amurka a 2000, ita da mijinta Dung da 'ya'ya biyu waɗanda yanzu in ta yi musu Hausa suke amsa mata da Turanci. Ta yi shekara uku tana juya tsofaffi a wani gidan kula da su a Beltsville kafin gunduma ta ɗauke ta. Takardunta na gida ba su kai ta matsayin nas a nan ba, amma duk ɗan Najeriyar da ta ƙwanƙwasa wa ƙofa Sista yake ce mata. Tana da 'yan ɗabi'unta. Ba ta ajiye motar ofis a ƙofar gidan majinyaci, sai ta sha kwana ta taho a ƙasa, don kada maƙwabta su karanta tambarin. Ba ta shan ko ruwa a gidan kowa. Ba ta kuma yarda da kalmar "na riga na sha."

A hanyarta ta zuwa Mitchellville takan wuce ta gefen tsohon asibitin masu tarin fuka na Glenn Dale, jajayen gine-ginen da aka rufe tun da daɗewa, tagogi duk a farfashe. A da can nan ake kawo mutum a ajiye shi shekara da shekaru. Yanzu an bar kowa a gidansa, an maye gurbin wannan katafaren wuri da mace ɗaya mai jaka da takunkumi. Ran da aiki ya yi mata daɗi takan ce an ci gaba. Ranar Litinin ɗin nan kuwa, da za ta koma, sai da ta rage gudu ta daɗe tana kallon ginin.

Safar ce ta hana ta sakat. Babba yakan ɗauki ƙwayar cutar ta kwanta a jikinsa shekaru, ƙila har ya bar duniya ba ta motsa ba. Jariri ba ya samun wannan jinkirin. Takan hau masa kai ta zama sanƙarau, kuma Hannatu ta riƙe irin waɗannan yaran a hannunta a Filato. Akwai maganin ruwa da ake ba jariri ya tare ta tun ba ta tashi ba, in an same shi da wuri. Matsalar ɗaya ce: ba ta san ɗan wa ba ne.

Ranar Talata ta tarar da bawon lemo cike da faranti, da ƙamshin turaren mutane daban-daban a falon. Tagogin nan ƙanana an liƙe su da leda saboda sanyi, na'urar ɗumama ɗaki tana ta huci. Wannan karon Injiniya bai yi musu ba.

"To, an zo dubiya. Mutum ya tuƙo mota tun daga Germantown, ko daga Baltimore, da iyalinsa, in tsaya a ƙofa in ce masa koma? Ke ma 'yar Arewa ce. A Bukuru haka ake yi?"

"Me ka ce musu kana fama da shi?"

"Sanyin haƙarƙari."

"Injiniya!"

"Sista, kin san mutanenmu. Ka ce tarin fuka, kafin labari ya haura babbar hanya an mayar da shi waccan cutar mai karya garkuwar jiki. Shekara ashirin da biyu ina garin nan da mutuncina. Kuma mun ɗauki mataki. Kofina daban, cokalina daban, farantina daban. Hajiya tafasa su take yi. Ko musabaha na daina."

Kofi! Shekara kusan ashirin Hannatu tana faɗa da kofi. A Filato kofi, a Maryland kofi. Ta yi masa bayani cewa a iska cutar take, ya gyaɗa kai irin na wanda ya yi digiri uku, ya ce ya fahimta. Ta miƙa masa fom ɗin sunaye. Ya duba gaba ya duba baya, ya ce zai yi nazari a kai, ya sa shi ƙarƙashin rimot.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san mutanen. Tana haɗuwa da su a wurin biki da wurin suna, ta san motocin wasunsu. Amma dokar da ta aiko ta ita ce ta ɗaure mata baki, ba ta da ikon faɗa wa kowa abin da ke damun majinyacinta, ko da mijinta ne. Da yammacin ranar ta biya shagon kayan abincin Afirka a Beltsville sayen acca, sai ta tsinci kanta tana sunkuyawa a kan kowace kujerar jariri da aka shigo da ita, tana leƙa ƙafafu.

"Sista Hannatu, lafiya?" in ji wata mata da ta san ta. "Ko jika ake marmari? Ki matsa wa 'yan Amurkan naki mana."

Hannatu ta yi yaƙe, ta fita ba tare da accar ba.

Ranar Laraba ta shiga ofishin shugabarta, Olive, mace mai kirki wadda ta yarda cewa babu matsalar da fom ba zai warware ba. Da Turanci suka yi magana.

"Ki ce masa ya cika fom ɗin kawai," in ji Olive.

"Fom ɗin layi goma ne."

"Bai isa ba?"

"Olive, mutum goma ai waɗanda suka zo tsakanin azahar da la'asar ne."

Olive ta cire tabarau. Ta ce in haka ne ya karya sharaɗin killacewa, kuma akwai hanya: a rubuta masa umarni a hukumance, in ya ƙi a kai gaban alƙali. Hannatu ta san hanyar, ta taɓa ganin an bi ta. Ta kuma san ranar da takarda mai hatimi ta shiga gidan Injiniya, bakinsa zai rufe ruf, ya ɗauki lauya, jaririn nan kuma ya ci gaba da kwana a wani gida ba wanda ya san da shi. Na gaba da zai yi tari a cikin mutanensu kuwa, sai dai ya sha zuma da citta a ɗaki. Ta roƙi kwana biyu. Olive ta ce zuwa safiyar Juma'a, domin Hannatu da bakinta ta faɗa cewa bayan an sauko daga masallaci gidan zai cika.

Ranar Alhamis, bayan Injiniya ya ɗaga harshe ya sauke, Hannatu ba ta yi masa maganar fom ba. Ta hau sama ta nufi kicin. Hajiya Saudatu tana tsaye a gaban tukunya, kofin nan mai jan zare yana ta juyi a tafasasshen ruwa. Doguwar mace ce mai sanyin magana, ita ma an gwada ta an ɗora ta a kan magani. Kulolin abinci sun cika kan kanta, wasu a ƙasa, wasu a kan firji.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Sannu, Sista. Ni dai kada ki tambaye ni sunan kowa. Baban Zahra ya ce kada in faɗa." Haka take kiran Injiniya.

"Ba suna na zo tambaya ba. Yaron nan da ake zuwa da shi, watansa nawa?"

Hajiya ta juya kofin da ludayi. "Uku. Ya ɗan ɗora."

"Sau nawa aka zo da shi?"

"Uwarsa akwai zumunci. Ta zo kamar sau huɗu. Kunun gyaɗa take kawowa."

"In sun zo, a nan sama ake barinsa?"

"A sama kuma? Ai Baban Zahra ne ya yi masa huɗuba ranar suna. Da sun shigo yake cewa a miƙo masa mutuminsa. Ya ɗora shi a cinya, ya yi masa addu'a, ya tofa masa a ka da fuska." Da ta ga yadda idon Hannatu ya sauya, sai ta yi saurin ƙarawa, "Amma wallahi ko sau ɗaya ba a ba shi komai a kofin nan ba. Ni nake lura."

Hannatu ta dafa kanta da hannu biyu. Ta ƙirga ɗaya zuwa goma da yarensu na Berom, kamar yadda take yi wa 'ya'yanta, ba ta huce ba. Ta juya ta gangara falon ƙasa ko sallama ba ta yi ba.

Injiniya yana kallon labarai. Ta ɗauki rimot ta kashe.

"Injiniya, in Hajiya ta sa turaren wuta a ɗakin nan, wa ke jin ƙamshi?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Amsa mini. Wanda ya sha ruwa a kofinka ne kaɗai yake ji?"

"Kowa yana ji mana."

"In ka fita ka bar ɗakin, ƙamshin yana bin ka?"

Ya juya ya kalli tagogin.

"Haka tarinka yake. Yana nan a ɗakin nan da kuka liƙe da leda. Manyan da suka zo, za mu gwada su a hankali, yawancinsu ba abin da zai same su. Amma ka ɗauki yaro ɗan wata uku, ka kawo fuskarsa nan," ta nuna tazarar da tafin hannunta, "ka hura masa. Sau huɗu. Na san alheri ka nufa. Addu'arka Allah ya karɓa, amma ba ita kaɗai ta fita daga bakinka ba. Na ga yadda cutar nan take yi wa jarirai, wuya ya sanƙare, ido ya kafe. Wanda ya rayu ma wani ba ya ƙara ji, wani ba ya tafiya. Yau akwai maganin da zai tare ta. Ban san ko nan da wata ɗaya zai yi amfani ba. Gobe da safe shugabata za ta rubuto maka takarda, wannan tsakaninku ne. Ni yaron nake nema."

Hajiya ta biyo ta, tana tsaye a kan matakala da ludayi a hannu. Injiniya ya kalli matarsa, ya kalli cinyarsa. Ya buɗe baki kamar zai kawo hujja, tari ya sarƙe shi, a karon farko ya kai gwiwar hannu ya rufe bakinsa ba tare da an ce masa ba.

"Fatihu," ya ce da ya lafa. "Sunansa Fatihu. Ɗan Misbahu ne da Sadiyya. Hajiya, miƙo mini waya."

Ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Misbahu ya ɗauka daga wurin aiki. Hannatu ta zaro biro, ta yi tsammanin za a tafi kai tsaye.

"Misbahu, ina kwana? Ya aiki? Ya sanyi? Ya Sadiyya? Ya mutumina? Ya wajen su Alhaji a Kano, kuna waya? Ya jikin Hajiya babba, ƙafar ta yi sauƙi?"

Misbahu ya amsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗauko nasa jerin daga farko. Hannatu ta duba agogo. Tana da mutum biyar da ke jiran ta kafin azahar. Ta ɗaga wa Injiniya fom ɗin tana kaɗawa, ya ɗaga mata hannu alamar ta yi haƙuri. Sai da aka gaisa har da maƙwabta, sannan ya yi gyaran murya.

"Misbahu, ciwon nan nawa ba sanyin haƙarƙari ba ne. Tarin fuka ne. Na ɓoye muku, ban kyauta ba. Ana so a duba Fatihu yau ko gobe."

Misbahu ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, kai kaɗai kake ɗauke da wannan? Allah ya ba ka lafiya. Bari in ɗauko Sadiyya da yaron, ga mu nan tafe yanzu mu duba ka."

"Kada ku zo!" Hannatu ta daka tsawa har takunkuminta ya zame. "Malam Misbahu, sunana Hannatu, daga sashen lafiya. Don girman Allah kada ku zo. Ka ba ni adireshinka da lambar matarka."

"To, Sista. Amma ko a ƙofa ne mu tsaya mu..."

"Ko a ƙofa!"

Sauran sunayen ba su yi wuya ba. Hajiya ta ce ita ba ta iya tuna kowa da ka, amma duk matar da ta kawo abinci ta liƙa sunanta a gindin kularta don kada ta ɓata. Suka koma kicin, Hajiya tana kifa kula tana karantawa, Hannatu tana rubutawa. Kula ashirin da bakwai. Injiniya yana ƙasan matakala yana ɗago murya da sunayen mazan da suka zo hannu sake, yana kuma gardama.

"Wannan kada ki sa shi, bai zauna ba."

"Minti nawa ya yi?"

"Kamar awa ɗaya. Amma a tsaye."

Ta sa shi. Fom ya cika, ta juya bayansa, ta ci gaba a bayan takardar awon nauyi.

A ofis wani sabon ciwon kai ya taso. Gidan Misbahu a Germantown yake, ita kuwa ba a gundumarsu take ba, don haka Hannatu ba ta da ikon taka ƙofar gidan Misbahu. Sai an cika wata takardar an tura wa waccan gundumar ta faks. Na'urar ta cinye shafin farko, ta tura na biyu sau uku. Hannatu ta bar ta, ta ɗauki waya ta yi ta kira har ta samu wata nas mai suna Pauline, ta ce mata ba za ta ajiye wayar ba sai an ba jaririn lokaci. Aka ba shi ƙarfe tara na safiyar Juma'a.

Ranar Juma'a ta kai wa Injiniya magani a makare, wajen ƙarfe uku, da gangan. Ta tarar an yaye ledar tagogin. Ya aika wa jama'a saƙo da kansa cewa kada a shigo, kuma ba a shigo ba. Maza bakwai ne tsaye a kan ciyawar gaban gida cikin manyan riguna da jaket, hannuwa a aljihu, shi kuma yana daga tagar bene da takunkumi, ana ta ya jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Sababbin kuloli huɗu suna jere a bakin ƙofa. Hannatu ta tsaya ta dube su, ta rasa abin da doka ta ce game da ciyawa. Ta ratsa ta tsakaninsu, wani ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Sista," ta ce yauwa.

Tana komawa mota Pauline ta kira. Hoton ƙirjin Fatihu ya fito babu komai, likita ya duba shi lafiya lau, an fara ba shi maganin ruwan, za a sake gwada shi bayan makonni. Uwar ta yi kuka, uban ya tambaya ko akwai wani abin da ya kamata su daina ci. Pauline ta kuma ce faks ɗin ya iso yanzu, shafi na biyu har sau uku, ko za a iya sake turo na farko?

Hannatu ta ce sai Litinin. Ta ajiye wayar, ta jingina kai da kujera na ɗan lokaci. Sannan ta buɗe ledar da ta taho da ita tun safe, ta fasa dafaffen ƙwai a jikin sitiyari, ta ɓare, ta barbaɗa masa yaji, ta ci da burodi kafin ta tayar da mota.